Murar da ta wuce wata uku: Tsiron nama da tsiron ƙashi a cikin hanci

Kafin ku ci gaba da karatu, ga ɗan gwaji. Kowa ya toshe hancinsa da yatsu biyu, ya ce "mama", sannan ya ce "nono". Idan an matse hancin da kyau, abin da na kusa zai ji ya fi kama da "baba" da "dodo". Dalili kuwa shi ne sautin "m" da "n" ta hanci suke fita, da zarar ƙofa ta rufe sai su rikiɗe. Masu koyon tajwidi a Islamiyya sun fi kowa sanin haka, don ba a yin gunna da toshesshen hanci.

To, ku waiwaya cikin ajinku. Da wuya a rasa ɗalibi ɗaya da muryarsa take a haka tun daga zangon karatu na farko har na ƙarshe. Bakinsa kullum a buɗe, hankici ba ya barin aljihunsa. Idan makarantar kwana ce, minsharinsa ya hana 'yan ɗaki sakat, da safe kuma shi ne mai gyangyaɗi a darasin farko. Abokai sun laƙaba masa suna, malam ya ɗauka lalaci ne, a gida kuma an yanke hukunci cewa sanyi ne ya kama shi. Saboda irin wannan ɗalibi muka ɗauko wannan batu.

A Gaya da Ajingi, kamar sauran yankin gabashin Kano, toshewar hanci ba abin da ke ɗaga wa kowa hankali ba ne, kuma akwai dalili. Da an gama girbi sai sussukar gero da dawa, ƙaiƙayi ya cika iska. Kafin ya lafa hunturu ya sauka, daga ƙarshen Nuwamba har cikin Maris, ɗauke da ƙurar da akasarinta ke tasowa daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, wurin da masana suka ce ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. A haɗa da hayaƙin kara da itace a madafi. Kowa na atishawa, kowa na jan majina. A cikin wannan taro, wanda matsalarsa ta wuce mura sai ya ɓace.

Ga ma'aunin da likitoci ke amfani da shi. Mura ta yau da kullum kan tafi cikin kwana 7 zuwa 10. Idan toshewar hanci da majina, tare da nauyin fuska ko raguwar jin ƙamshi, suka kai mako 12 ba su sauka ba, an bar zancen mura. Sai a nemi abin da ya tare hanya.

Ɗakuna takwas a cikin ƙashin fuska

Ƙashin fuskarmu ba dunƙulalle ba ne. Akwai ramuka takwas masu cike da iska a cikinsa, huɗu a dama huɗu a hagu, waɗanda likitoci ke kira sainos. Biyu suna cikin kumatu, su ne manya. Biyu suna cikin goshi, saman gira. Akwai wasu tsakanin idanu biyu masu ƙananan ɗakuna kamar saƙar zuma, sai na ƙarshe can ciki a bayan hanci, kusa da gindin ƙwaƙwalwa. Na goshi ba a haihuwar mutum da su a buɗe. Sai yaro ya kai shekara 6 zuwa 8 ake fara ganinsu a hoto, kuma ba sa gama girma sai wajen ƙarshen shekarun samartaka. Wato ku da kuke karanta wannan shafi, ginin bai ƙare ba a goshinku.

Kowane rami an shafe cikinsa da wata tattausar fata mai fitar da majina. Hanci da waɗannan ramuka kan samar da majina kimanin lita 1 a kowace rana, kuma kusan dukkanta haɗiye ta muke yi ba tare da mun sani ba. A kan fatar akwai wasu gasu ƙanana da ido ba ya gani, suna kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa guda, suna share majina da ƙurar da ta kama zuwa wata 'yar ƙofa mai faɗin milimita kaɗan, wadda ke zubarwa cikin hanci.

Duk wanda ya tashi a gidan soro ya san aikin indararo. Muddin yana buɗe, ruwan sama na sauka ƙasa lafiya. Ranar da ganye ko sheƙar tsuntsu ta toshe shi, ruwa ya kwanta a kan rufi, ƙasa ta jiƙe, azara ta fara ruɓa. Haka 'yar ƙofar nan take. Idan ta toshe, majina ta kwanta, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, fata ta kumbura, kumburin ya ƙara toshe ƙofar. Abubuwa biyun da za mu yi magana a kansu, kowannensu na iya zama abin da ya toshe indararon.

Tsiron nama

Na farko shi ne tsiron nama mai laushi, wanda a asibiti ake kira folif. Asalinsa fatar nan ce ta cikin rami da ta daɗe tana kumbure, ta sha ruwa, ta yi nauyi, ta zazzago cikin hanci tana reto kamar ɗan inabin da aka ɓare wa fata. Launinsa fari-fari ne mai toka-toka, kuma ko an taɓa shi ba ya zafi. Ba ciwon daji ba ne. Kimanin mutum 1 zuwa 4 cikin kowane 100 na da shi, ya fi kama manya, kuma ya fi yawa a maza. Yakan fito a ɓangarori biyu na hanci, ya kuma fi son masu asma. Akwai ma wasu da abu uku ke haɗuwa a jikinsu: asma, tsiron hanci, da sarƙewar numfashi duk lokacin da suka sha asfirin ko danginsa irin su ibuprofen. Likitan Faransa Fernand Widal ya bayyana wannan haɗuwa tun 1922. Wanda ya san ƙirjinsa na riƙewa bayan shan maganin ciwon jiki, ya gaya wa likita wannan kafin komai.

Akwai wani nau'i da ya fi shafar yara da matasa. Shi guda ɗaya ne tak, yana tsirowa daga ramin kumatu, ya ratso ta ƙofa, ya miƙe ta baya ya nufi maƙogwaro. Gefe ɗaya yake toshewa. Wani lokacin yakan yi girman da idan mai shi ya buɗe baki za a hango shi yana leƙowa ta bayan beli.

Mun san da an karanta wannan, wasu za su kunna fitilar waya su nufi madubi. Za ku ga wani jan nama a jikin bangon hanci ta kowane gefe. Kada hankali ya tashi, kowa na da shi. Aikinsa ɗumama iska da jiƙa ta kafin ta isa huhu, kuma idan aka taɓa shi ana jin zafi. Yakan kumbura a gefe ɗaya na 'yan awoyi, ya saɓe, ɗayan ya karɓa, shi ya sa za ku ji kamar ƙofofin hancinku na karɓa-karɓa. Wannan lafiya ce. Abin dubawa shi ne gefen da ya toshe ya ƙi buɗewa mako da makonni.

Babbar asarar da tsiron nama ke jawowa ita ce jin ƙamshi. Jijiyoyin da ke wannan aiki suna can saman rufin hanci, tsiron kuwa yana tare iska ta hana ta isa wurin. Mai shi zai ci tuwo da miyar kuka ya ji kamar ba a sa daddawa ba, domin yawancin abin da muke kira ɗanɗano ƙamshi ne. Wannan da sauƙi. Abin tsoro shi ne ba zai ji warin gas idan tukunya na yoyo ba, ba zai ji ƙaurin wayar lantarki ba, ba zai gane abinci ya lalace ba.

Tsiron ƙashi

Na biyu ya sha bamban. Shi ƙashi ne sosai, ya tsiro daga bangon rami kamar ƙulli a jikin itace. Sunansa ostiyoma. Wani nau'insa yana da tauri da santsi har likitoci na kwatanta shi da hauren giwa. A cikin duk tsirrai marasa daji da ke fitowa a ramukan nan, shi ne ya fi yawa. Ya fi son ramin goshi, sai na tsakanin idanu. Girmansa na tafiyar hawainiya ne, galibi milimita 1 ko 2 a shekara, kuma ba a san shi da rikiɗewa ya zama daji ba.

Yawancin masu shi za su rayu har tsufa ba su san yana nan ba. Akan ci karo da shi ne idan an ɗauki hoton kai saboda wani dalili daban, kamar haɗarin babur. A cikin kowane hoto 100 na siti-sikan da aka ɗauka na waɗannan ramuka, akan gan shi a kimanin 3.

Matsalarsa ta wurin zama ce. Ƙarami kamar ƙwayar wake, idan ya zauna a bakin ƙofar ramin goshi, ya fi babba da ke can gefe illa. Majina za ta taru a bayansa ta zama wata jaka da ke kumbura a hankali tana tura ƙashi. Mai shi zai riƙa fama da ciwon goshi. Bangon da ya raba ramin tsakanin idanu da gurbin ido kuwa sirantarsa kamar takarda, har sunan da masana suka ba shi da Latinanci ma'anarsa ke nan. Idan tsiron ya yi girma, ya wuce santimita 3, yana iya tura ido waje ko gefe, mutum ya riƙa ganin abu bibbiyu. Can ba a rasa ba yakan huda ta sama ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanyar zuwa rigar ƙwaƙwalwa, abin da ke haifar da sanƙarau.

Me ya haɗa su?

Ba kullum suke tafiya tare ba, amma likitocin hanci sun saba ganinsu a hoto guda: an aika mutum hoto saboda tsiron nama, sai ga wani farin dunƙule ƙal a kusurwar rami. Masana na da bayani uku kan asalin tsiron ƙashi. Wasu sun ce tun a ciki ake samun ɓurɓushinsa, a mahaɗar ƙasusuwa biyu masu asali daban. Wasu sun danganta shi da buguwa a goshi, musamman a shekarun da ƙashi ke girma. Na uku sun ce daɗaɗɗen kumburi ne ke tsokanar ƙashi ya yi ta ƙara gini. Idan na ukun ne, kumburin da ya haifi naman shi ya haifi ƙashin. Ta ɗaya gefen kuma, ƙashin na iya riga zuwa, ya toshe ƙofa, kumburi ya biyo baya.

Abin da wannan ke nufi ga majiyyaci a fili yake. Wanda ya leƙa hanci da fitila nama kawai zai gani. Ƙashin na ɓoye a inda ido ba ya kaiwa. Idan aka cire naman aka bar abin da ya toshe ƙofa, an yi aikin baban giwa.

Akwai kuma wani abu da ba kasafai ake samu ba, amma ya cancanci layi biyu. Idan tsiron ƙashin ya fito da yawa, a kai da muƙamuƙi, likita kan tambayi tarihin dangi ya kuma nemi a duba hanji, saboda wata cutar gado da wani masanin Amurka, Eldon Gardner, ya bayyana a farkon shekarun 1950. A cikinta tsiron ƙashi kan riga tsiron hanji bayyana, na hanjin kuwa yana zama daji idan aka bar shi.

Samari, wannan naku ne

Ba duk naman da ke cikin hanci ne folif ba. Akwai wani tsiro mai suna anjiyofaibiroma, wanda kusan samari maza kaɗai yake kamawa, daga shekara 10 zuwa 20 da 'yan kai. Shi ma ba daji ba ne, amma cike yake da jijiyoyin jini da ba su iya tsukewa idan an yanke su. Alamarsa biyu: toshewar gefe ɗaya, da haɓo mai yawa da ke ta dawowa ta wannan gefen. Haɓo a lokacin hunturu ba baƙon abu ba ne, bushewar iska na fasa fatar gaban hanci, a matse na minti 10 ya tsaya. Amma haɓon da ke zuba kamar an buɗe famfo, ta gefe guda, tare da toshewa, wani abu ne daban. Ko ƙwararren likita ba ya gutsurar wannan tsiro a ɗakin duba marasa lafiya. Sai an ɗauki hoto, an tanadi jini, wani lokacin an fara toshe jijiyar da ke ciyar da shi, sannan a shiga tiyata.

A nan ne za mu yi magana a kan wanzamai, cikin girmamawa. Wanzami na da matsayinsa a garuruwanmu, kuma iyayenmu sun saba kai masa matsalar maƙogwaro, a ce beli ne a cire. Saurayin da ke minshari da shaƙaƙƙiyar murya, ga kuma wani abu na leƙowa ta bayan beli, abu ne mai sauƙi a ce a kai shi a yanke. A ganinmu, cikin hanci ba wurin aska ba ne ko a hannun wa take. Mai yankan ba shi da hanyar sanin ko folif ne, ko tsiro mai jini ne, ko kuwa, a ƙananan yara, wani ɓangare ne na rigar ƙwaƙwalwa da ya zazzago ta wata kafa a ƙashi. Daga Ajingi zuwa inda za a iya tsayar da irin wannan jini tafiya ce mai nisa.

Ba yau likitoci suka san wannan aiki na buƙatar hattara ba. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan tiyata na Andalus da ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin tsiron hanci a littafinsa At-Tasrif, har da zanen kayan aikin da ake cire shi da su. Abin da ba shi da shi shi ne hanyar ganin can ciki. Wannan bai kankama sosai ba sai wajen shekarun 1970, lokacin da Walter Messerklinger na birnin Graz a ƙasar Ostiriya ya yi amfani da siririn madubi mai fitila ya nazarci yadda majina ke tafiya a ramukan, aikin da aka gina tiyatar hanci ta zamani a kansa.

Tarkon kemis

Kafin wanzami ma, akwai kemis. Maganin ɗigawa ko fesawa mai buɗe hanci nan take, irin su Otrivin, yana aiki ne ta hanyar tsuke jijiyoyin jini. Daɗinsa na minti kaɗan ne a fara ji, shi ya sa ake son sa. Amma an yi shi ne don 'yan kwanaki, kada a wuce mako guda. Wanda ya zarce, hancinsa zai riƙa kumbura fiye da da duk lokacin da maganin ya sake shi, sai ya ƙara ɗigawa, har ya zama ba ya barci sai da kwalba a ƙarƙashin matashi. Tsiron kuwa yana nan, bai ragu ba.

Tarko na biyu ƙwayoyin dexamethasone da prednisolone ne. Gaskiya suna sa tsiron nama ya motse, kuma likita kan rubuta su na gajeren lokaci. Shan su wata da watanni ba bisa ƙa'ida ba kuwa na kumbura fuska, ya hau da sukari da jini, ya raunana ƙashi, ya kuma tauye tsawon yaron da bai gama girma ba. A kan tsiron ƙashi, babu ƙwaya ko shaƙe ko sirace da ke narkar da shi.

Hanyar asibiti

Mafari shi ne asibiti mafi kusa, ko cibiyar lafiya ta mazaɓa ko Babban Asibitin Gaya, a duba a ba da takardar turawa. Ƙwararrun kunne da hanci da maƙogwaro suna Kano, tafiyar kilomita 60 da ɗoriya daga Gaya ta Wudil, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke kan titin Zariya da kuma Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. A Kaduna ma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, kuma duk da sunanta tana duba hanci da maƙogwaro.

Likita zai fesa maganin kashe zafi, ya zura wani siririn bututu mai fitila da kyamara, kaurinsa bai kai na fensir ba, ya duba har bayan hanci. Minti kaɗan ne. Idan ya ga dalili sai ya tura hoton siti-sikan, wanda ke nuna nama da ƙashi yanka-yanka. Hoton na da tsada, ga kuɗin mota na mutum biyu, ba za mu ɓoye wannan ba. Abin da zai rage yawan zirga-zirga shi ne a je da cikakken bayani. Ku da kuka iya rubutu, ku rubuta a takarda: yaushe abin ya fara, gefe ɗaya ne ko biyu, sau nawa aka yi haɓo, ana jin ƙamshi ko ba a ji, akwai asma ko babu. Ku zuba kwalayen duk maganin da aka sha a leda ku tafi da su.

Akwai alamun da ba a jiran ranar kasuwa ko hutun makaranta a kansu: kumburin fatar ido ko ido ya turo waje, ganin abu bibbiyu, kumburi a goshi, matsanancin ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko wani ruwa garai-garai mai gishiri-gishiri da ke ɗiga ta gefe ɗaya idan an sunkuya. Haka nan idan ƙaninku ɗan shekara 3 ko 4 na fitar da majina mai wari ta ƙofa ɗaya, galibi wani abu ya cusa, gyaɗa ko wake ko tsinken soso. Idan ƙaramin batirin agogo ne, a tafi a wannan sa'ar, domin yana ƙona nama cikin awoyi kaɗan.

Maganin tsiron nama na farko ba wuƙa ba ne. Feshin hanci ne mai rage kumburi, wanda ya sha bamban da mai buɗewa nan take: shi sai an jure kullum na makonni kafin a ga amfaninsa. A riƙe da hannun dama a fesa wa hancin hagu, hannun hagu kuma na dama, a karkata bakin kwalbar ta wajen kunne don kada a riƙa bugun karan hanci. Tare da shi akwai wankin hanci da ruwan gishiri, wanda ba zai yi wa mai alwala wuyar koyo ba: ruwa rabin lita, watau cikin ledar fiya wata guda, a tafasa a bar shi ya huce, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba tozo. Tafasawar dole ce, ruwan kududdufi ko na rijiya ɗanye ba ya shiga wannan aiki. A ranakun sussuka da sheƙa kuma a rufe hanci, ko da takunkumi ko da gefen rawani ko mayafi.

Idan magani ya gaza sai tiyata, kuma akasari ta ƙofar hanci ake yin ta da kyamara, ba a tsaga fuska. Tsiron ƙashi ƙarami da bai tare komai ba, barinsa ake yi, a riƙa sake hoto lokaci-lokaci don a ga ko yana girma. Wanda ya toshe ƙofa ko ya doshi ido, a goge shi da ɗan injin haƙa ta cikin hanci. Idan babba ne a can cikin goshi, akan bi ta cikin gira ko ta cikin gashin kai, inda tabo zai ɓuya.

Bayan aiki, halin tsirran biyu ya sake rabuwa. Na ƙashi, idan an cire shi duka, da wuya ya dawo. Na nama kuwa yana da naci, musamman ga masu asma, domin tiyata ta kawar da tsiron ne, ba ta kawar da kumburin da ya haife shi ba. Shi ya sa likita zai ce a ci gaba da feshi da wankin gishiri ko da hanci ya buɗe tas, ya kuma rubuta ranar dawowa a kati. Wannan ranar takan faɗo ne lokacin da ɗalibi ya koma aji, yana barci lafiya, yana faɗin "mama" yadda take, kuɗin motar Kano kuma ya fara yi wa gida kama da asara. A je dai, domin tsiron da ya fara dawowa a kyamara ake fara ganinsa, tun kafin mai hancin ya ji komai.